Sunan Ɗiya Mace: Asalinsa, Ma'anarsa, da Abin da Uba Zai Duba Kafin Ranar Suna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Ƙauran Namoda ne a Jihar Zamfara, maiɗakina tana gab da sauka, kuma an shaida mana a asibiti cewa mace ce. Niyyata in mayar da sunan mahaifiyata, Hadiza, amma uwargidan ta ce an gaya mata ma'anar sunan ba ta da daɗi, don haka ta fi son wani daga cikin sababbin sunayen da ake yayi. Ina neman bayani a kan asalin sunayen mata da muke sawa da ma'anoninsu, da kuma matsayin irin su Kande da Ladi da kakanninmu suka amsa.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah Ya sauki maiɗakinka lafiya, Ya raya abin da za a samu bisa tafarkin Musulunci.

Abin da aka gaya wa maiɗakinka yana da tushe, sai dai an ba ta rabin magana ne. Hadiza shi ne Khadija a bakin Bahaushe, kuma a Larabci kalmar tana nufin jaririyar da aka haifa kafin cikar watanninta, wato bakwaini. Wannan ba zagi ba ne, ba kuma mugun fata ba ne. Bayanin yanayin haihuwa ne kawai, irin wanda mu ma muke yi da namu sunayen na gargajiya. Amma babu wani uba a Zamfara ko Kabi da ya taɓa yanka rago ya ce Hadiza yana nufin bakwaini. Wadda yake nufi ita ce Nana Khadija 'yar Khuwailid, mutum na farko da ya yi imani da Manzon Allah (SAW), wadda ta zauna da shi kimanin shekara 25 bai yi mata kishiya ba, ta haifa masa dukkan 'ya'yansa in ban da Ibrahim, ta kuma ƙarar da dukiyarta a kan wannan addini. Ya tabbata a Bukhari cewa Mala'ika Jibrilu ya kawo mata gaisuwa daga Ubangijinta tare da bushara da gida a Aljanna. Saboda haka nauyin suna daga wuri biyu yake zuwa, daga ma'anar kalmar da kuma daga wadda ta fara ɗaukaka shi, kuma a mafi yawan sunayen matanmu na yanka na biyun ne ya rinjayi na farko.

Idan aka bi sunayen da ma'aunin ƙamus kaɗai, da yawa daga cikin waɗanda muka fi girmamawa za su zama abin mamaki. Faɗima tana nufin wadda ta yaye ɗa daga nono. Kulsum, wanda muke ji a Ummu Kulsum da Kaltume, yana nufin mai cikar fuska da kumatu. Ramlatu, sunan Ummu Habiba matar Annabi (SAW), daga kalmar rairayi ya fito, Hindatu kuwa, sunan Ummu Salama, Larabawa na kiran garken raƙuma kimanin ɗari da shi, domin a wurinsu babu dukiyar da ta fi wannan. Hafsatu ta samo asali ne daga kalmar da ake kiran ɗan zaki da ita. Zubaida ƙaramin curin man shanu ne, laƙabi ne da kakanta Halifa Mansur ya sa wa jikarsa tun tana yarinya, amma abin da duniya ta riƙe game da ita shi ne ruwan da ta jawo wa mahajjata zuwa Makka da rijiyoyin da ta gina a hanyar Kufa, a zamanin mijinta Haruna Rashid. Wasu kuwa ma'anarsu a fili take kuma mai kyau: A'isha mai rai ko mai rayuwa, Safiya zaɓaɓɓiya tsarkakakkiya, Maimuna mai albarka, Halima mai haƙuri da juriya, Zainab sunan wata itaciya mai kyan gani da ƙamshi, Amina mahaifiyar Annabi (SAW) wadda ke cikin aminci, Juwairiyya kuma 'yar ƙaramar yarinya.

Wannan ba ya nufin ma'ana ba ta da muhimmanci. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya canza sunayen mata idan ma'anarsu ta munana ko ta ƙunshi yabon kai. Muslim ya ruwaito cewa wata ɗiyar Sayyadina Umar ana kiranta da sunan da ke nufin mai saɓo, sai Annabi (SAW) ya mayar da ita Jamila. Haka nan Zainab da Juwairiyya, dukkansu da farko Barra ake kiransu, wato mai cikar biyayya, sai ya canza, ya ce kada ku tsarkake kanku, Allah ne Ya fi sanin masu biyayya a cikinku. Akwai wani ruɗani da nake yawan cin karo da shi a nan, domin sunan waccan ɗiya ta Umar idan aka rubuta shi da boko yakan fito Asiya, har wasu iyaye su tsorata su ce a canza wa 'yarsu suna. Sunaye biyu ne daban. Na mai saɓo da harafin ainun yake farawa, sannan sadun ya biyo baya. Na matar Fir'auna kuwa, wadda Alƙur'ani ya buga misali da imaninta a ƙarshen Suratut Tahrim, da alif mai ja yake farawa, sinun ya biyo. Asiyar da muke sawa ta biyun ce, kuma tana cikin mata huɗu da hadisi ya fifita, tare da Maryam da Khadija da Faɗima.

Akwai rukunin sunaye da suka zo mana ta hanyar Larabci alhali asalinsu ya girmi Larabcin da muka sani, su ne sunayen matan zamanin annabawan farko. Hauwa'u, Saratu, Hajara, Rahila da Maryam duk suna cikin wannan sahu, shi ya sa za ka tarar maƙwabtanmu Kiristoci a Zuru ko Yawuri suna amsa Saratu da Rahila da Maryamu ba tare da sun aro daga gare mu ba. Saratu a harshen Ibrananci gimbiya ce, Hauwa'u kuma tana da alaƙa da kalmar rai, kasancewarta uwar 'yan Adam. Maryam ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, sau 34, kuma sura ta 19 sunanta take ɗauke da shi. Bilkisu da Zulaihatu ba su zo da suna a cikin Alƙur'ani ba. An ce sarauniyar Saba'u da matar Azizu ne kawai, malaman tafsiri da tarihi ne suka kawo sunayen, daga wurinsu muka karɓa.

Yadda waɗannan sunaye suka koma Hausa abu ne mai tsari, ba ɓata su aka yi ba kamar yadda wasu matasa ke zato. Kakanninmu daga littattafai suka koye su, inda ake karanta kalma da wasalinta na ƙarshe cikakke, shi ya sa muke da A'ishatu, Aminatu, Hafsatu, Sa'adatu, Salamatu da Murjanatu, alhali Balarabe idan zai kira mai sunan yakan tsaya kafin wannan "tu". Sannan harshen Hausa ba ya son kalma ta ƙare da baƙi, sai ya ƙara wasali, aka sami Zainabu da Maryamu da Bilkisu. Sautukan da babu su a Hausa aka musanya su da makusantansu, Khadija ta zama Hadiza, Thuwaiba wadda ta fara shayar da Annabi (SAW) bayan mahaifiyarsa ta zama Suwaiba. A yankinmu na yamma kuma, daga Gusau har Argungu, tsoho zai ce maka Hwatsima ko Hwatsuma, domin haka karin harshenmu yake furta "fa", kuma haka almajiran da suke karanta wancan harafi na Larabci. Duk wanda ya ji wannan furuci ya san daga wace ƙasa mai magana ya fito, kuma ba na ganin dalilin jin kunyarsa.

Daga nan sai gajerun sunaye da laƙubban da suka manne wa kowane suna har suka zama kamar tagwayensa. Dije da Dija na Hadiza ne, wani lokaci a ce Kubura, daga Khadijatul Kubra, wato babba. A'i da Shatu yankan A'ishatu ne, ɗaya daga kai ɗaya daga wutsiya, Indo ma tata ce, haka Humaira, wadda ke nufin 'yar ja. Abu ƙarshen Zainabu ne, shi ya sa za ka ji ana kiran mace Abu ba tare da wani ya yi zaton Abubakar ake nufi ba. Mairo da Mairamu na Maryam ne, Rakiya ta Ruƙayya, Luba ta Lubabatu, Rabi ta Rabi'atu, wadda ke nufin ta huɗu, ko da yake yawancin masu sa shi Rabi'atul Adawiyya ta Basra suke nufi. Binta ya fito ne daga kalmar Larabci mai nufin ɗiya, domin idan aka ce ɗiyar Manzon Allah zuciya Faɗima take fara tunawa, kuma Zahra'u da Batulu ma laƙubbanta ne. Hauwa'u tana da Kulu, tana kuma da Jidda ko Maijidda, saboda labarin da ya shahara cewa kabarin Nana Hauwa'u yana birnin Jidda. Amfanin sanin wannan shi ne kada mutum ya sa wa 'ya'yansa biyu suna ɗaya bai sani ba, ko ya haɗa Faɗima da Binta a takarda yana zaton suna biyu ya bayar.

Ba banza ba waɗannan sunaye kaɗan suka mamaye gidajenmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, kuma bayan cin Birnin Kabi a 1805 Gwandu ta zama mazaunin jama'arsa, daga baya ta zama hedikwatar ƙanensa Malam Abdullahi. Idan ka dubi gidan Shehu za ka ga mahaifiyarsa Hauwa'u ce, 'ya'yansa mata kuma akwai Khadija, Faɗima, Hafsatu, Safiya, Maryam da Asma'u. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, 'yar tagwaye ce, ɗan'uwan haihuwarta Hassan, amma Shehu bai bi al'adar sunayen tagwaye a kanta ba, ya kira ta da sunan Asma'u 'yar Sayyadina Abubakar, wadda ta riƙa kai guzuri kogon Sauru lokacin hijira. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke zuwa daga ƙauyuka su karɓi karatu su koma su koyar da mata, kuma cikin waƙoƙin da ta tsara akwai wadda ta jero mata salihai tun daga matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa har zuwa na zamaninta. A ganina, matan da suka haddace irin waɗannan baitoci suna rera su a tsakar gida sun taka rawa babba wajen dasa sunayen nan a zukatan iyaye, har ya zama da wuya ka shiga gida a Gwandu ko Bunguɗu ko Talatar Mafara ka rasa Asma'u ko Nana.

Game da Kande da Ladi, su ba sunayen yanka ba ne a wurin yawancin Musulmin Hausawa. Laƙubba ne da ake ɗorawa a kan sunan yanka, sai su rinjaye shi a bakin mutane, har mace ta tsufa jikokinta ba su san cewa Ladin nan Maryamu ce ba sai ranar da aka zo rabon gado ko aikin Hajji. Na ranaku su ne suka fi yawa: wadda aka haifa Lahadi ita ce Ladi, ta Litinin Altine ko Tani, ta Talata Talatu, ta Laraba Larai ko Balaraba, ta Alhamis Lami, ta Juma'a Jummai, ta Asabar kuma Asabe. Wasu na lokaci ne, kamar Azumi da Tasalla, da Marka wadda ta zo a tsakiyar damina ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa, da Yalwa wadda ta zo a shekarar wadata. Wasu kuma matsayin yarinya a cikin gida suke faɗa. Kande ko Delu ita ce macen da ta biyo bayan maza, kamar yadda Tanko yake namijin da ya biyo bayan mata. Hassana da Usaina tagwaye ne, Gambo mai bi musu, Auta ta ƙarshe, Kyauta kuwa wadda aka daɗe ana roƙon Allah kafin a same ta. A zamanin da babu takardar haihuwa, waɗannan sunaye su ne rajistar gida, domin daga jin sunan tsohuwa za ka san ranar da ta zo duniya ko yanayin da iyayenta ke ciki. Babu laifi a cikinsu a shari'a, tunda asalin sunaye halacci ne matuƙar ma'anar ba ta munana ba, kuma ba sharaɗi ba ne sunan Musulmi ya zama na Larabci.

Inda nake jan hankali shi ne sunayen 'ya'yan wabi, wato na matar da 'ya'yanta ke rasuwa suna ƙanana. A nan ne ake samun Ajuji da Ayashe, a nuna kamar ba a damu da yarinyar ba, har a da akan kai ta kan juji a ajiye wata ta ɗauko, da tunanin cewa abin da ke ɗauke 'ya'yan zai kau da kai daga gare ta. Duk wanda ya san zafin binne ɗa bayan ɗa ba zai yi wa waɗannan iyaye dariya ba, amma aƙidar da ke ƙarƙashin al'adar ba ta inganta ba, kuma yarinya ce za ta girma tana amsa sunan juji a gaban ƙawayenta. Abarta da Barmani sun fi sauƙi, domin roƙo ne ga Allah Ya bar ta. Uwar da ke cikin wannan hali ta fi bukatar addu'a da zuwa awon ciki da gwajin jini, musamman na sikila, fiye da suna mai muni.

Yanzu ga abin da nake ganin zai warware matsalar gidanka, kuma al'adarmu ta riga ta tanade shi. Idan ka mayar da sunan mahaifiyarka, kai da maiɗakinka babu mai iya buɗe baki ya kira yarinyar Hadiza, kai saboda girman uwa, ita saboda kunyar suruka. Dole a nemi sunan alkunya, kuma ta wannan ƙofa ce Ummi, Mama, Inna, Iya, Uwani, Hajiya, Goggo da Walida suka shigo, dukkansu ma'anarsu uwa ce ko abin da ya yi kusa da ita. Ka ga ke nan ranar suna da safe, bayan an raba goro da dabino, liman zai yi addu'a a raɗa Khadija, a yanka rago da wannan suna, wanzami ya yi aski, tsohuwa ta ji an yi mata takwara ranta ya yi fari. Sunan da za a riƙa kira kullum a gida kuwa sai ka bar wa maiɗakinka ta zaɓa. Malaman fiƙihu sun ce idan aka yi saɓani haƙƙin raɗa suna na uba ne, amma shawara da uwa ita ce ta dace da wadda ta ɗauki ciki wata tara, kuma a Suratu Ali Imrana matar Imrana ce da kanta ta ce na sa mata suna Maryam. Rago ɗaya ya wadatar wa mace, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ɗaya ne ko ga namiji.

Sai dai ku tantance sabon sunan kafin ya kama baki. Cikin waɗanda ake yayi yanzu akwai masu asali mai daraja ƙwarai, waɗanda sababbi ne a kunnenmu kawai. Sumayya ita ce shahidiya ta farko a Musulunci, mahaifiyar Ammar ɗan Yasir. Nusaiba ita ce Ummu Ammara da ta tsaya tana kare Annabi (SAW) ranar Uhudu. Rufaida ita ce mai jinyar waɗanda suka ji rauni a tantinta a Madina, inda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Rumaisa'u sunan Ummu Sulaim ne, mahaifiyar Anas ɗan Malik. Wasu siffofi ne masu kyau, kamar Nabila mai daraja, Amira shugaba, Karima mai karamci, Na'ima mai ni'ima, Nafisa mai tsada, Sakina natsuwa. Tasnim da Salsabil maɓuɓɓugai ne a Aljanna, Kausar kogi ne a cikinta, Afnan kuma rassan itatuwanta ne kamar yadda ya zo a Suratur Rahman.

Haɗarin yana wurin waɗanda ake tsinta a waya ko a finafinan ƙetare saboda daɗin sauti, da kuma zaton cewa duk kalmar da ke cikin Alƙur'ani ta cancanci zama suna. Alƙur'ani ya ambaci Aljanna ya ambaci wuta, ya ambaci muminai ya ambaci maƙaryata. Hawiya tana da daɗin faɗa, amma sunan wuta ce a Suratul Ƙari'a, haka Huɗama a Suratul Humaza. Jerin ma'anonin da ke yawo a intanet ma ba abin dogaro ba ne, domin kusan kowane suna sai a ce yana nufin fure ko gimbiya ko kyautar Allah, ko da kuwa kalmar ba ta da wannan ma'ana a kowane harshe. Hanya mai sauƙi ita ce a rubuta sunan da haruffan Larabci a kai wa malamin da ya san lugga ya duba shi a ƙamus. Idan an kasa rubuta shi da Larabci, kuma babu wanda ya san daga wane harshe ya fito, barinsa ya fi. A kuma kiyaye sunan da ke nuna bauta ga wanin Allah, domin Amatu, wato baiwa, ba a jingina ta sai ga sunan Allah, kamar Amatullahi da Amaturrahman. Ku gwada sunan a bakin kakanni tun kafin ranar, saboda wanda tsohuwa ba ta iya furtawa za ta lanƙwasa shi yadda harshenta ya iya, kuma sau da yawa nata furucin ne zai bi yarinyar.

Idan kun tsaya a kan suna, ku tsayar da rubutunsa guda ɗaya tun daga takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Khadija, Khadijat, Hadiza da Hadizatu duk mutum ɗaya ce a gida, amma a wurin kwamfuta mutum huɗu ne, kuma yara mata da yawa sun sha wahalar zuwa kotu yin rantsuwa lokacin jarrabawar shiga jami'a ko buɗe asusun banki ko neman fasfo, saboda makarantar firamare ta rubuta Ummi, sakandare ta rubuta Hadiza, katin ɗan ƙasa kuma ya ɗauki Khadijat. Sunan yanka shi za a sa a kowace takarda da harafi iri ɗaya, na alkunya kuma a bar shi a gida, ko a shigar da shi a matsayin suna na tsakiya tun daga ranar farko idan kuna son ya bi ta makaranta. Wallahu a'alam.